Aikin Gida Na 'Yan Jami'a Da Rumfar Albasa

A cikin shekara ta 2006 Gwamnatin Jihar Kebbi ta kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, a zamanin Gwamna Muhammadu Adamu Aliero. Tun daga sa'an nan iyaye a Aliero da Jega da Maiyama sukan ga 'ya'yansu sun komo gida da littafi da alƙalami, suna ta tambaye-tambaye a gona da kasuwa da bakin rijiya. Wani dattijo yakan yi mamaki, ya ce, "Yaron da aka kai ya koyo ilmi, me ya dawo nema wurinmu?" Tambayar tana kan hanya, ya kuwa kamata a amsa ta.

A jami'o'in Nijeriya akwai darasin da akan koya wa ɗalibai tarihin kimiyya da yadda ta shafi zaman jama'a. Ba jarrabawar ƙarshe kaɗai ake dubawa ba. Malami yakan ba da aikin gida, makin da ɗalibi ya samu a cikinsa a haɗa shi da na jarrabawa. Mafi kyawun irin wannan aiki shi ne wanda ba ya yiwuwa sai ɗalibi ya fita ya gani da idonsa, ya auna, ya rubuta.

Ga misali. Aliero ta yi suna ga noman albasa, har ana ɗibarta a manyan motoci zuwa kudu. Amma kowane manomi ya san baƙin cikin ajiya: lokacin kaka albasa ba ta da daraja, in kuwa ya ajiye don jiran tsada, sai ruɓa ta cinye masa wani kaso. To, a ce malami ya umarci ɗalibi ya binciko dalili. Sai ɗalibin ya ware albasa 100 wadda aka bari wuyanta ya bushe sarai, da wata 100 wadda aka kwashe da ɗanyen wuya. Ya ajiye su a rumfa ɗaya, kowace a gefenta. Duk mako ya ƙirga waɗanda suka lalace, ya rubuta kwanan wata da adadi. Abin da ya sa dole rumfar ta zama ɗaya shi ne, in ya raba musu wuri, ba zai san ko wuya ne ya kawo bambanci ko kuwa wurin ba. Masana sun tabbatar cewa ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani su ke ruɓar da albasa, kuma ta ɗanyen wuya da wurin rauni suke shiga, damshi da rashin iska kuwa su ƙara musu ƙarfi. Tsofaffin manoma sun daɗe da sanin amfanin shanya. Abin da ɗalibi ya ƙara shi ne lissafi, watau ya san asarar nawa ce, don a gane ko wahalar shanyar ta biya.

Kada wani ya raina wannan hanya. A shekara ta 1854 cutar amai da gudawa ta faɗa wa wata unguwa a birnin London ta ƙasar Ingila, ta kashe mutum fiye da 600. Galibin likitocin zamanin suna zaton mummunar iska ce ke kawo ta. Wani likita, John Snow, ya bi gida gida yana tambayar inda mamatan suke ɗiban ruwa, ya tarar yawancinsu famfo ɗaya suke sha. Da ya kai wa hukuma bayani, aka cire hannun famfon. Ba wani babban kayan aiki ya yi amfani da shi ba, illa ƙafa da tambaya da rubutu. Ɗalibar da ta zauna da matan Maiyama tana tambayar wace rijiya suke sha, da yaushe yara suka fi yin zawo, sawunsa take bi. Haka wanda ya tsaya a kasuwar Jega yana rubuta kuɗin buhu wata bayan wata.

Amma fa akwai hatsari iri biyu. Na farko, ɗalibi ya ƙi fita, ya kwafo aikin wani daga wayarsa ya miƙa. Wannan ko ya ci maki, ya cuci kansa, gama ranar da aka ba shi riƙon asibiti ko aikin gona, babu inda zai kwafo. Na biyu, wanda aka tambaya ya ɓoye gaskiya don zaton haraji ake nema, ko ya ƙara gishiri don zaton za a raba taimako. In aka zuba ƙarya a littafi, lissafin da zai fito ma ƙarya ne. Don haka wajibi ne ɗalibi ya yi sallama, ya gaisa, ya bayyana abin da ya kawo shi, ya nemi izini, kuma in ya gama ya komo ya faɗa wa mutane abin da ya samu.

Wanda ya fita ajin yaƙi da jahilci yana da rabo babba a nan. Tun da ya iya rubutu da lissafi, ba sai ya jira ɗan jami'a ba. Ya sami ɗan littafi ya riƙa rubuta ranar shuka, da takin da ya zuba, da buhunan da ya ajiye, da waɗanda suka lalace. Bayan shekara uku littafin nan zai gaya masa abin da tunani ya manta. In kuwa ɗalibi ya zo tambaya, sai su zauna su haɗa na gona da na aji, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.