Shekara Biyu Ina Kwana a Kan Taya

'Yan'uwana matasa,

Ran Alhamis da ta wuce, bayan an tashi daga zumunta, ɗaya daga cikinku ya tsayar da ni a bakin ƙofar majami'a, ya miƙo mini wayarsa. "Baba Fasto, dubi wannan." Bidiyo ne na wani Bature da matarsa a Amurka, sun sayar da gidansu sun tare a cikin wata doguwar mota. A ciki akwai gado, da murhun gas, da firji, har da makewayi da wurin wanka. Sun shimfiɗa sola a kan rufin, mijin yana aikinsa a kwamfuta ta intanet. Yau sun kwana a bakin tafki, gobe a gindin dutse. Babu mai gidan haya, babu maƙwabcin da zai sa musu ido. Yaron ya ce, "Ni irin wannan rayuwa nake so. Tunda mu ba mu da irin motar, an yi mini hanya zan bi tirela."

Na yi dariya, shi kuma ya zaci raina shi na yi. Bai san cewa faston da yake gani da kwat ran Lahadi ya taɓa zama yaron mota ba. Karen mota ake ce mana a lokacin, ba ma ko jin haushi.

Daga 2001 zuwa 2003, kafin in tafi makarantar tauhidi, na bi kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda yake jan tirela. Mukan yi lodin shanu ko hatsi a kasuwannin ƙasar Katsina mu nufi Legas, tafiyar da ta haura kilomita 1,000. Daga Funtuwa sai Birnin Gwari, Tegina, Mokwa, mu haye gadar Jebba, Ilori, Ogbomosho, Ibadan, mu huta a Ogere kafin mu shiga gari. Mu ma motarmu gida ce. Akwai ɗan gado a bayan kujerar direba, wannan na Kawu ne. Nawa ɗakin yana ƙarƙashin bodi, tsakanin tayoyi: tabarma, gidan sauro da nake ɗaurewa a jikin ƙarfe, da jakar kayana a matsayin matashi. Muna da risho, da tukunya ɗaya, da jarka biyu na ruwa. Aikina in sa waigi a taya in mun tsaya, in duba mai da ruwa, in ɗaure tamfol, in dafa shinkafa da wake, in kuma yi gadi in Kawu ya kwanta.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai daɗi. Na ga Kogin Kwara da asuba hazo yana tashi a kansa, ni da ban taɓa wuce Kano ba. Na iya Yarabancin ciniki. Kuɗi suna shiga aljihuna, babu wanda yake tambayata ina na kwana. Wannan na ƙarshen shi ya fi mini daɗi a watannin farko, shi ne kuma ya kusa hallaka ni.

Wata damina muna dawowa da lodin fulawa, wani abu ya karye a giyar motar tsakanin Mokwa da Tegina, a dokar daji. Kawu ya kawo bakanike, bakanike ya kwance ya ce sai an nemo kayan a wani gari. Suka tafi suka bar ni da mota da kayan mutane. Kwana goma sha ɗaya na yi a wurin. Wayar hannu a lokacin ba ta daɗe da shigowa Najeriya ba, irinmu kuwa sai dai mu gan ta a hannun manya. Ran kwana na huɗu abincina ya ƙare. Wasu Fulani da suka sauka kusa da hanya su suka riƙa kawo mini nono da fura, matar tana ce mini ɗan mota. Har yau ina yi musu addu'a.

Zaman nan ya sa na lura da wani abu. Su ma matafiya ne, sun ma fi ni. Amma Bafulatani in ya tashi, da gidansa yake tashi: uwargida, yara, tsohuwa, ƙore, 'yan maruƙa. Inda suka kafa bukka, nan ne gari, don duk wanda zai tambayi lafiyarsa yana nan tare da shi. Ni kuwa ɗaki kawai na ɗauko, mutanen na baro su a Katsina. Na yi lissafi a ƙarƙashin motar nan cewa in maciji ya sare ni, sai Kawu ya dawo kafin wani ya sani.

Akwai kuma batun Lahadi. Kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa ran Lahadi take ci, shanu kuwa in an loda su ba sa jira, sai dai a kama hanya. Abokan aikinmu Musulmi, duk inda aka tsaya, ko Tafa ko Mararrabar Jos in mun biyo ta Kaduna, sai su ɗauki buta su jeru su yi salla tare, ko ba su san juna ba. Nakan zauna a kan taya ina kallonsu, wani abu yana sukata a zuci. Ni sujadata tana buƙatar rana guda da wuri guda, hanya kuwa ta cinye duka biyun. Da farko ina karanta Sabon Alkawarina da tocila. Daga baya ya koma ƙasan jaka. Babu wanda ya hana ni, babu kuma wanda ya tambaye ni. A tashoshin manyan motoci akwai duk abin da saurayi mai kuɗi a aljihu zai nema da dare, da ƙwayoyin hana barci da ake sayarwa kamar goro. Ba zan ce na fita da tsabta sarai ba. Jinƙan Allah ne ya sa ban nutse ba.

Abin da ya farkar da ni ƙarami ne. Bayan wajen wata bakwai ban shiga sujada ba, wata Lahadi ta same mu a gida, na yi wanka na tafi ikkilisiyar da na tashi a cikinta, inda na yi shekaru ina ƙungiyar mawaƙa. Da aka zo wurin sanarwa aka ce baƙi su miƙe a marabce su, sai wani sabon mai tsaron ƙofa ya taɓa kafaɗata ya ce, "Ɗan'uwa, tashi mana." Ban tashi ba, amma kunya ta rufe ni. Bayan an tashi, wata tsohuwa daga zumuntar mata ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗana, kowace Laraba ina ambaton sunanka. Ina ka shiga?" Ita kaɗai. Na isa gida na rufe ɗaki na yi kuka.

A makarantar tauhidi na sake karanta labarin Ibrahim da idon tsohon yaron mota. Ya bar Haran yana da shekara 75, ya ƙare kwanakinsa cikin alfarwa, amma da Saratu da dukan mutanen gidansa yake yawo, kamar Fulanin nan. Ƙasar da Littafin Farawa ya ce ya saya da kuɗinsa ita ce saurar da kogon Makfela yake ciki, a kan shekel 400 na azurfa, don ya binne matarsa. Manzo Bulus kuwa, wanda muke ɗauka sarkin matafiya, dubi Ayyukan Manzanni sura 13 da 14. Ikkilisiyar Antakiya ce ta yi azumi ta ɗibiya masa hannu shi da Barnaba ta sallame su. Da suka gama zagaye, can suka koma, suka tara 'yan'uwa suka ba da labari, suka kuma daɗe tare da su. Yana da inda ake jiran dawowarsa.

Ko Turawan da kuke kallo, bidiyon ba ya nuna komai. Akwai fim mai suna Nomadland, na 2020, wanda ya ci kyautar Oscar. Yana nuna dattawan Amurka da suka koma zama cikin motoci bayan rushewar tattalin arziki ta 2008, suna bin aikin wucin gadi a rumbunan Amazon da gonaki. Da yawansu rashin kuɗin haya ne ya kore su, ba sha'awar tafki ba. Su ma sukan yi dogon tuƙi don kawai su taru wuri guda su ga fuskar juna.

Ban ce tuƙi mugun aiki ba ne. Tumatir da albasar da ake ci a Legas, da sukarin da muke sha a Katsina, a bayan direbobi suke tafiya. Hanyar ma ta fi ta zamanina wuya. Dajin Birnin Gwari kowa ya san halin da yake ciki. Da aka rufe iyaka a Agustan 2019, aka kuma sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, motoci sun yi makonni a tsaye a wajen Jibiya, direbobi suna kwana a ƙarƙashinsu. Laifin da nake gani namu ne, mu ikkilisiya. Muna da tsarin ziyarar marasa lafiya da gwauraye, amma ban taɓa ganin an rubuta sunayen 'yan'uwanmu da suke kan hanya ba, ni ma da na san zafin abin ban yi ba sai yanzu.

Don haka ban hana yaron nan ba. Aikin yi ya yi wuya, shi kuma ba yaro ba ne ƙarami. Na ce masa ya kawo mini direban da zai bi in gan shi ido da ido, ya kawo shi. Na roƙi biyu daga cikinku su riƙa kiransa kowace Lahadi da yamma, ko ya ɗauka ko bai ɗauka ba. Mun yi da shi cewa duk ranar da mota ta shigo Katsina, zai zo zumunta ko da kayan aiki ne a jikinsa, ya ba mu labarin hanya. Sakatarenku ya buɗe shafi a littafin addu'a, mun kuma sami sunaye shida, har da wata 'yar'uwa mai fataucin hatsi.

Ya tafi ran Litinin da asuba. Daren jiya wajen ƙarfe goma sha ɗaya ya kira ni daga Mokwa, ina jin ƙarar injina a bayansa. Ya ce ruwa ya jiƙa masa tabarma, yana tambaya yadda ake ɗaure gidan sauro a ƙarƙashin bodi. Na gaya masa.