Tseren Comrades da maigadin da ya tsaya a gefen titi

Ƙarfe biyar na asubahin Lahadi, 9 ga Yuni, 2024, ina tsaye a bayan shingen ƙarfe kusa da babban zauren birnin Durban, hannuwana cikin aljihu. A Afirka ta Kudu watan Yuni hunturu ne, iskar teku kuwa tana ratsa riga. A gabana mutane kusan dubu ashirin ne suka cika titi maƙil, wasu sun huda baƙar ledar shara sun zura kai don kare sanyi, wasu na tsalle a inda suke. Aka yi taken ƙasa, aka rera Shosholoza, tsohuwar waƙar masu haƙar ma'adinai, sannan aka saki carar zakara ta lasifika. Ƙarfe biyar da rabi daidai bindiga ta tashi. Jama'ar nan suka kama hanyar Pietermaritzburg da ƙafa, tafiyar kilomita kusan 86, kuma mafi yawanta hawa ne.

Taron aiki na kwana huɗu ne ya kai ni Durban. Ban taɓa jin sunan tseren Comrades ba sai a bakin maigadin masaukin da na sauka, wani Bazulu siriri da zai haura shekara arba'in. Baba yake kirana, yadda suke kiran duk namijin da suke girmamawa. A dare na biyu na fito shan iska na tarar da shi yana miƙe ƙafa a jikin bango, hira ta ɗauke mu, har ya ciro wani gwangwanin alewa daga jakarsa. Lambobin yabo takwas ne a ciki, kowace ba ta fi kwabo girma ba sosai. Sau takwas ya kammala wannan tsere. Wanda ya kammala sau goma ana ba shi koriyar lamba, ta zama tasa shi kaɗai har abada. Saura biyu ke nan. Na ce ashe jibi sai ta tara. Ya yi murmushi ya ce, "Baba, bana kallo zan yi. Ƙafar tana nan lafiya, aljihun ne ya ji ciwo."

Shi ya gayyace ni. Wata mata 'yar ƙungiyarsu ta gudu, mai aikin wanke-wanke da shara a gidan wasu, za ta yi tserenta na farko, shi kuma ya yi alkawarin tare ta a hanya da ruwa da abin taɓawa. Wani ɗan'uwansa mai tsohuwar mota ya yarda ya kai mu idan na zuba mai. Da muka yi sallama da masu gudu na wuce babban masallacin Juma'a na Grey Street, wanda ba shi da nisa, na yi Asuba, sannan muka hau babbar hanyar N3. Tsohon titin da ake tseren a kansa rufe yake ga motoci, don haka 'yan rakiya sai dai su riƙa zagayawa suna tsayawa a inda hanyoyin biyu suka kusanci juna.

A cikin mota ya yi mini lissafi, ni kuma na rubuta a bayan takardar taro. Kuɗin rajista ga ɗan ƙasa a 2024 Rand 1,200 ne. A 2019 Rand 600 ne. Da aka dawo bayan hutun shekara biyu na annobar korona, a 2022, sai aka ninka shi. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar a lokacin, wanda ya fara aiki a Maris 2024, Rand 27.58 ne a awa, wato mai wannan albashi zai yi aikin awa 43 da ɗoriya, kusan mako guda cur, kafin ya haɗa kuɗin takardar shiga kawai. Kuma ba a nan aka tsaya ba. Dole ɗan ƙasa ya kasance cikin ƙungiyar gudu mai rajista, da lasisin da ake sabuntawa duk shekara. A 2024 dole ne ya fara kammala wani gudun fanfalaki na kilomita 42.2 cikin ƙasa da awa 4 da minti 50 don ya cancanta, wannan ma da nasa kuɗin shigar da na motar zuwa. Takalmin da zai jure atisayen wata shida ya fi rajistar kanta tsada. Wanda ya taso daga Limpopo ko Gabashin Cape sai ya ƙara da kuɗin mota da wurin kwana. Abin da ya karya maigadin shi ne lokaci: ana buɗe rajista tun ƙarshen shekarar da ta gabata, guraben kuma ba sa jira, ga hidimar Kirsimeti, ga makarantu da ke buɗe sabuwar shekarar karatu a Janairu. 'Yarsa ta shiga sakandare. Tsakanin kayan makaranta da lambar ƙirji, bai ɓata lokaci wajen zaɓi ba.

Na tambayi nawa zan biya in da ni ne. Ɗan wata ƙasar Afirka Rand 2,000, wanda ya zo daga wajen nahiyar Rand 4,500. Na buga nawa a waya, ya haura Naira 150,000 a canjin lokacin, a ƙasar da mafi ƙarancin albashinta a watan yake Naira 30,000. Na mayar da wayar aljihu.

Tsayuwarmu ta farko a Pinetown ce, gindin tudun Fields. Manyan tudu biyar ne a hanyar, kowane ɗan tsere ya haddace su kamar sunayen 'ya'yansa: Cowies, Fields, Botha's, Inchanga, sai Polly Shortts. Fields ya kai kilomita uku ana hawa ba sassauci. Gari ya waye, mutanen unguwa sun fito da kujeru da murhun gashi, ƙamshin nama ya gauraye da na man zafi. Yara na miƙa ɓawon lemo da aka yanka, wata tsohuwa na riƙe da faranti cike da dafaffen dankalin turawa da aka barbaɗa wa gishiri. Sunan kowane ɗan tsere na rubuce a lambarsa, saboda haka wanda bai taɓa ganinka ba zai kira sunanka da ƙarfi ya ce ka ci gaba. Maigadin bai tsaya wuri ɗaya ba. Ya san rabin masu wucewa, su ma sun san shi, wasu na nuna shi da yatsa suna tambayar me yake yi a waje.

Wani tsohon soja mai suna Vic Clapham ne ya kafa wannan tsere don tunawa da abokan yaƙinsa da suka mutu a Yaƙin Duniya na Farko. A gabashin Afirka ya yi nasa yaƙin, fagen da sojojin Najeriya, cikinsu har da Hausawa da dama, su ma suka sha tafiyar ƙasa. An fara ranar 24 ga Mayu, 1921, mutum 34 suka tashi, 16 suka kai. Sunan kansa zumuncin 'yan gwagwarmaya yake nufi, amma fiye da shekara hamsin zumuncin na fararen fata maza ne kawai. A 1935 wani baƙar fata, Robert Mtshali, ya bi hanyar ba tare da lamba ba ya kammala cikin awa tara da rabi, ba a sa shi a jerin sakamako ba. Sai a 1975 aka buɗe ƙofa ga baƙaƙe da mata. A 1989 Sam Tshabalala ya zama baƙar fata na farko da ya ci tseren. Wanda ya ci a 2022 da 2023, Tete Dijana, maigadi ne a wata jami'a lokacin da ya fara cin nasara. Abokin tafiyata ya faɗi wannan sau uku kafin azahar.

A Drummond, tsakiyar hanya, ƙasa ta buɗe. Daga gefen titi ana hango Kwarin Tuddai Dubu, tudu bayan tudu har iyakar gani, da gidajen Zulu a warwatse a kansu, hayaƙi na tashi nan da can. Kusa da nan akwai bangon da aka jera allunan sunayen waɗanda suka taɓa kammalawa, da wani ɗan gurbi a jikin dutse da ake kira kujerar Arthur, inda aka ce Arthur Newton, wanda ya ci tseren sau biyar a shekarun 1920, yake hutawa. Masu wucewa na jefa fure a wurin suna gaishe shi. A nan muka ga matar. Fuskarta ta yi fari da gishirin gumi, amma tana dariya. Ya ba ta ruwa da ayaba, ya duba agogo, ya ce mata kada ta kuskura ta yi gudu a Inchanga, ta taka da ƙafa. Bayan ta wuce ya gaya mini cewa matan cocinsu ne suka yi mata karo-karon rajista, takalmin kuma na uwar ɗakinta ne da ta daina sawa.

Ba zan zalunci masu shirya tseren ba. Wanda ya ga abin da ake kashewa a wannan rana ba zai ce a yi shi kyauta ba. Rufe titi mai wannan tsawo daga asuba zuwa magariba, tashoshin ruwa fiye da arba'in, motocin asibiti, tantin likitoci a wurin ƙarewa, motocin kwashe waɗanda suka gaza, na'urar auna lokaci, duk kuɗi ne, kuma shekara biyu ba a yi tseren ba. Ƙungiyar ba ta neman riba ba ce. Tana rage wa wasu masu ƙaramin ƙarfi kuɗin shiga, tana kuma ba wasu wurin kwana da abinci a daren jajibiri. In aka kwatanta da waje ma, da sauƙi: wanda ba ɗan ƙungiyar masu shirya gudun fanfalakin New York ba Dala 315 ya biya a 2024, tseren Marathon des Sables da ake yi a saharar Maroko kuwa dubban Yuro ne.

Sai dai kwatancen nan ne ma ya fi tayar mini da hankali. A Turai da Amurka irin wannan gudu na masu sha'awa ya riga ya zama harkar masu hali, likita da lauya da ma'aikacin banki, masu agogon da ya fi albashin maigadi. Masu shiryawa sun lura cewa ko nawa aka sa guraben za su ƙare, tunda masu nema sun fi gurabe yawa, saboda haka ba su da dalilin ragewa. Wanda farashi ya kora ba ya bayyana a kowane lissafi. Wani ne kawai zai ɗauki lambarsa, a ce tsere ya cika. Comrades ya bambanta da waɗancan ne saboda mahaƙin ma'adinai da mai aikatau da shugaban kamfani suna hawa tudu ɗaya, kuma sau da yawa mahaƙin ne a gaba. Wannan cakuɗar ce kamfanoni ke saye idan suka liƙa sunansu a kan hanya, ita ce kuma ke jawo baƙi daga Indiya da Birtaniya da Brazil. A ganina, tunda talakan ne ke ƙawata hajar, bai dace a bar shi ya riƙa neman ragi kamar mai roƙo ba. Mai zuwa da jirgi daga wata nahiya, wanda tikitinsa ya ninka rajistar sau da yawa, ba zai fasa ba don an ƙara masa wani abu. 

Bayan Inchanga mun wuce makarantar Ethembeni ta yara masu buƙata ta musamman, waɗanda ke jeruwa a bakin titi suna tafa hannu da masu gudu. Daga nan ƙasa ta miƙe, gonaki da gidajen kaji, rana ta take. Labari ya iso ta rediyon mota cewa wani ɗan ƙasar Holan, Piet Wiersma, ya ci na maza, Gerda Steyn kuma ta kafa sabon tarihin mata na hanyar hawa da awa 5 da minti 49. A lokacin mafi yawan jama'a ba su daɗe da wuce rabin hanya ba.

Polly Shortts bai kai kilomita biyu ba, amma yana zuwa ne bayan mutum ya ci kusan 78. La'asar sakaliya muka isa. Kusan ba mai gudu a wurin, kowa tafiya yake, wasu riƙe da cinya, wasu na amai a gefen hanya su share baki su ci gaba. Matar ta ɓullo cikin wani ayari da ke bin mutum ɗaya mai tuta a baya, irin ayarin da suke kira bas. Maigadin ya taka kusa da ita 'yan taku da takalminsa na aiki, yana yi mata magana da Zulanci ƙasa-ƙasa, sannan ya dawo.

A filin sukuwar dawaki na Scottsville ake ƙarewa. Awa 12 ne wa'adi. Ƙarfe biyar da rabi na yamma wani jami'i ya juya wa masu tahowa baya, jama'a suka ƙirga daƙiƙoƙin ƙarshe da baki ɗaya, ya harba bindiga, aka tare ƙofa. Wani mutum da bai fi taku goma ya rage masa ba ya durƙusa a kan ciyawa. Shi ma ya biya 1,200 ɗinsa. Matar kuwa ta riga ta shige da kusan minti ashirin, tana zaune a ƙasa lulluɓe da bargo, ƙaramar lambar yabo a wuyanta. Maigadin ya karɓa ya juya ta gaba da baya, ya mayar mata.

A hanyar komawa Durban ya ce ya shiga wani adashi da abokan aikinsa, Rand 200 duk wata, kuma ya roƙa a ba shi ɗaukar watan Nuwamba. Ya yi musayar aiki da wani don ya samu wannan rana, saboda haka daga mota sai bakin ƙofa. Kafin mu kai Pinetown barci ya kwashe shi.