Abin da ganga ke bar wa farar giyar inabi

A shekarar da na yi karatun kimiyyar abinci a Dijon, gabashin Faransa, akwai darasin da na so in zille masa: ziyarar gidan masu haɗa ganga da rumbun giyar inabi a kusa da garin Beaune. Ba na shan giya, kuma na gaya wa malamarmu haka tun farko. Ta ce babu mai tilasta mini, amma rabin aikin mai nazarin abinci da hanci ake yin sa. Na bi su da niyyar in sunsuna kawai, kuma iyakar abin da na yi ke nan.

Kofuna biyu aka ajiye a gabana, dukansu daga inabi iri ɗaya mai suna Chardonnay. Na farko ya kwana a tankin ƙarfe, kamar yadda gidaje da yawa ke yi a yankin Chablis. Launinsa fari-fari ne, ƙamshinsa na ɗanyen tuffa da lemon tsami. Na biyu ya yi watanni a gangar itacen oak, irin al'adar ƙauyen Meursault. Launinsa ya karkata zuwa ruwan zinariya, da na kai hanci kuma sai na ji vanila da kanumfari, a ƙarƙashinsu kuma wani ƙamshi da ya mayar da ni gida nan take: man shanu.

Vanila da kanumfarin daga itacen suke. Gangar yankin Burgundi tana cin lita 228. Ana tsaga itacen, a jera allunan a fili shekara biyu zuwa uku, ruwan sama da rana su rage musu ɗaci. Sannan masassaƙi ya kewaye wuta da su, zafin ya tausasa su har su lanƙwasu, ya kuma gasa cikin gangar. Gashin nan ne ke farfasa sinadaran itacen, ya fito da banilin, wanda shi ne ƙamshin vanila, da kuma ƙamshin sukarin da ya soma ƙonewa. Sinadarin yujinol da ke cikin oak shi ne dai wanda ke cikin kanumfarin da muke sa wa kunu. Farin oak na Amurka ya fi na Faransa yawan wani sinadari mai ƙamshin kwakwa, shi ya sa ƙwararru ke iya bambanta su da hanci.

Man shanun kuwa ba daga itace ya fito ba, kuma nan ne mutane da yawa ke kuskure. Bayan yisti ya gama mayar da sukari barasa, wasu ƙwayoyin bakteriya kan sauya tsamin inabin, daga mai kaifi irin na tuffa zuwa mai laushi irin na kindirmo. Suna cikin wannan aiki suke fitar da sinadarin dayasetil, wanda shi ne ke ba man shanu ƙamshinsa. Ashe hancina bai yi ƙarya ba: dangin ƙwayoyin da ke aiki a ƙwaryar nono ne ke aiki a rumbun Burgundi.

Batun yadda giyar ke zama a baki, abokan karatuna ne suka kwatanta mini. Sun ce ta farko tana wucewa kamar ruwa mai kaifi, ta biyu kuwa tana lulluɓe harshe, tana da nauyi da santsi. Abubuwa uku ke haɗuwa su kawo haka. Tsamin ya yi laushi. Guggubin yistin da ya mutu yana kwance a gindin ganga, ana motsa shi da sanda lokaci zuwa lokaci, yana sakin sinadaran da ke ƙara kauri. Ita kuma gangar tana barin iska kaɗan ta ratsa a hankali, tana kuma ba da ɗan bauri, ƙanin wanda goro ke bari a baki.

Sabuwar ganga ita ce mai ƙarfin murya. Bayan an cika ta sau uku ko huɗu, ƙamshinta ya kusa ƙarewa, sai aikin iska kaɗai ya rage. Don haka mai rumbun da muka ziyarta yake haɗa sababbi kaɗan da tsofaffi masu yawa. Ya ce idan baƙo ya fara yabon itacen kafin ya ambaci inabin, to ya san ya yi ɓarna a wannan shekarar. Maganarsa tana da tarihi a bayanta. Bayan gasar Paris ta 1976, inda Chardonnay ɗin gidan Chateau Montelena na Kalifoniya ya zo na ɗaya a gaban na Burgundi, kasuwar wannan inabi ta buɗe. Cikin shekarun 1980 da 1990 wasu gidaje suka cika itace da ƙamshin man shanu har masu saye suka ƙosa, aka koma neman wadda ba ta taɓa ganga ba.

Akwai kuma tsadar da ba ta kuɗi ba. Itatuwan da ake sara a dajin Tronçais, wanda minista Colbert ya tsara a ƙarni na 17 domin jiragen ruwan yaƙi, sukan haura shekara 150. Itacen da ya ga zamani biyar na mutane yana ƙarar da ƙamshinsa cikin 'yan shekaru.

Na dawo da darasin zuwa aikina na sarrafa madara. Duk wanda ya sha ruwan sabuwar randa, ko na wadda aka turara, ya san mazubi yana sa baki a ɗanɗano. Yanzu idan aka kawo mini kindirmon da ya sha bamban da na jiya, kafin in tambayi irin madarar, sai in tambaya a cikin me ya kwana.