Daga Gwallaga zuwa Tubkal: Takalmin da Ba Ya Saki

"Zai saki, Malam. Fata ce, kwana biyu ka taka shi zai buɗe."

Haka mai gwanjon ya ce mini a kasuwar Wunti, ranar da na baro gida Gwallaga da hantsi ina neman takalmin hawan dutse. Ya zaro shi daga ƙarƙashin tari, ƙato, mai nauyi kamar turmi, ya ce tun da aka fasa dilar babu wanda ya taya, don ƙasansa ba ya lanƙwasuwa ko kaɗan. Lamba 42 ne, lambata. Na zura ƙafa da siririyar safa, na ji ya kama ni cif. Mu a nan haka muke son takalmi, ya zauna daram, in ma ya ɗan matsa a ce gobe zai saki. Na biya, na rungumo abina.

Wani abokina da ya yi karatu a Maroko ne ya ja ni wannan tafiya, ya ce sai mun hau Tubkal a watan Janairu, lokacin da dusar ƙanƙara ta lulluɓe shi. Dutsen yana da tsayin mita 4,167, babu wanda ya kai shi a duk Arewacin Afirka. Mota ta kai ni Abuja ta Jos, jirgin sama ya sauke ni Kasabalanka, jirgin ƙasa ya kai mu Marakish. Washegari muka shiga tasi ta bi da mu ta Asni, inda har lokacin ake ganin tsagaggun gidaje daga girgizar ƙasar 8 ga Satumba, 2023. Muka sauka Imlil, ƙauyen da kwalta ta ƙare.

Yanzu ba a barin baƙo ya hau dutsen sai da jagora. Namu dattijo ne ɗan ƙauyen, mai ƙarancin magana. Kafin ya tambayi sunana ya nemi ganin takalmina. Ya riƙe baki da dunduniya ya gwada lanƙwasawa, ya ƙi. Ya gyaɗa kai. Ya shafa ɗan leɓen da ke bayan dunduniyar, ya ce da abokina, shi kuma ya juya mini da Hausa, wannan takalmin ƙanƙara ne na gaske, a kan leɓen nan maƙallin ƙarfen taka ƙanƙara yake zama. Ashe abin da ya hana shi kasuwa a Bauchi shi ne darajarsa a nan. Takalmi mai laushin ƙasa, in aka ɗaura masa ƙarfe, duk taku sai ya lanƙwashe, ƙarfen kuwa ba ya bin sa, har a kai inda zai suɓuce, kuma ba ya suɓucewa sai a gangaren da ba a so.

Murnata ba ta daɗe ba. Ya miƙo mini safa mai kaurin bargo ya ce in sa. Ya kwance igiya, ya sa na tura ƙafa gaba har yatsu suka taɓa baki, sannan ya nemi cusa yatsansa ɗaya a bayan dunduniyata. Ko farce bai shiga ba. Ya ɗaure igiyar ya ce in doki dakalin shagon haya da bakin takalmin. Bugu ɗaya na ji shi har ƙwaƙwalwa.

"Sidi, wannan ba naka ba ne," in ji shi.

Na maimaita masa maganar mai gwanjo. Bai yi dariya ba. Ya ce irin wannan takalmi bakinsa roba ce mai tauri, ba ya saki, ƙafa ce ke kumbura in an wuni ana tafiya. Takalmin da ya matse yatsu yana tare jini, yatsun da jini bai isa gare su ba su ne sanyi ke fara ci, kuma mutum ba zai ji ciwo ba sai aikin gama ya gama. Ban sake musu ba. A shagon haya na gwada ƙafa huɗu kafin mu tsaya a kan lamba 44: yatsu na motsi a sake, dunduniya kuwa ba ta ɗagawa in na yi ɗage. Sai an haɗa biyun, kuma shi ne wahalar zaɓen.

Daga nan aka zo kan ƙarfen ƙafa, wanda suke kira kirampon. Haƙora goma sha biyu gare shi, goma na kallon ƙasa, biyu sun miƙe gaba kamar ƙahon rago. Aikin maƙera ne tun asali: wani ɗan Ingila, Oscar Eckenstein, ya zana mai haƙora goma, maƙeri Henry Grivel na ƙauyen Kurmayer a Italiya ya ƙera, ɗansa Laurent ya ƙara biyun gaba a 1929. Dattijon ya zauna a ƙasa ya ɗora takalmin a cinya, yana matsar da sandar tsakiya rami bayan rami, har sai da ƙarfen ya manne ya ɗaga takalmin sama bai faɗi ba, tun ba a ja maɗauri ba. Ya nuna mini na dama da na hagu, ya ce bakil kullum waje yake kallo, don kada ƙafa ta harɗe 'yar'uwarta. Gatarin ƙanƙara kuwa ya sa na riƙe kansa na saki hannu, tsinin ya tsaya daidai idon sawuna. Ya ce shi ke nan.

Muka kama hanya ta Arumd, muka sha shayi a Sidi Shamharush wurin wani farin dutse. Gaba kaɗan alfadaran da ke ɗauke da kayanmu suka tsaya, don ba sa shiga ƙanƙara, kowa ya saɓa jakarsa. La'asar sakaliya muka isa masaukin da ke mita 3,207. Kusa da shi wani ruwa mai zubowa daga dutse ya daskare a tsaye, Turawa biyu na manne a jikinsa kamar tsaka, kowanne da gajerun gatura biyu masu lanƙwasa, haƙoran gaba kaɗai ke riƙe da su. Na daɗe ina kallo. A nan na gane dalilin taurin nan: duk nauyin mutum a kan tsini biyu, ƙasan takalmin shi ne dakalin da yake tsaye a kai.

Kafin asuba muka fita da tocila a goshi. Sanyin hunturun Bauchi, wanda ke sa mu kewaye mai shayi a bakin Masallacin Gwallaga, wasa ne. Ruwan gorata ya daskare. Dattijon na gaba yana ta tuna mini in buɗe ƙafa, in dasa haƙoran duka a lokaci ɗaya, gatari a hannun da ke wajen tudu. Ƙarar ƙarfe a kan ƙanƙara, ƙaras ƙaras, ita kaɗai ake ji sai numfashi. Da hantsi muka dafa dalar ƙarfen da ke ƙololuwa. Na yi hamdala, na motsa yatsuna goma, duk suka amsa.

Saukowa ita ta raba gardama. Awanni ana gangara, kowane taku ƙafa na neman zamewa gaba. A masauki na ga wani saurayi ya cire takalmi, faratan manyan yatsunsa biyu sun yi baƙi ƙirin, hawaye na zuba ba ya ko sharewa. Lambar da yake sawa a gida ya ɗauka.

Takalmin Wunti ya dawo Gwallaga bai taka ƙanƙara ba, na ba ƙanena mai lamba 41 yana shiga gona da shi. Ɗan'uwa, in Allah ya nufe ka da irin wannan tafiya, je gwaji da yamma bayan ƙafa ta wuni, tafi da safar da za ka hau da ita, ka doki bango da bakin takalmin. In ka ji shi a yatsa, ajiye shi ko nawa aka rage maka.