Ruwan Hoda Daga Gonar Zoɓo

Duk wanda ya taɓa sayen kek na suna ko na zagayowar ranar haihuwar 'ya mace ya san launin da aka fi so a samansa: ruwan hoda. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne inda launin ya fito. Galibi daga 'yar kwalba ne, ko daga ƙullin gari a leda marar suna, wanda shi kansa mai shagon "kala" kawai yake ce masa.

Tambayar tana da dalili. A watan Janairun 2025 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta soke izinin amfani da wani jan rini mai suna Red No. 3 a abinci, bayan ta hana shi a kayan kwalliya tun 1990, saboda ya jawo ciwon daji ga ɓerayen gwaji da aka ɗura wa shi da yawa. Hukumar ta ce hanyar da yake cutar da ɓera ba ta aiki a jikin mutum, kuma adalci ne a faɗi hakan. A Turai kuwa, tun 2010 doka ta wajabta rubuta gargaɗi a kan abincin da ke ɗauke da wasu rinayen roba guda shida, cewa suna iya shafar natsuwar yara. Akwai kuma wani ja da ake samu daga jikin wani ƙwaro na Kudancin Amurka, wanda malamai suka yi saɓani a kan halaccinsa. Damuwata ba ta kai tsoron guba ba. Abin da ke damuna shi ne ƙullin ledar nan bai gaya mini wanne ne a ciki ba.

Cikin waɗanda suke matsa wa wannan tambaya a Turai da Amurka akwai masu bin tsarin cin abinci da ake kira paleyo, wanda littafin Loren Cordain na 2002 ya yaɗa. Suna kwaikwayon cimar mutanen da suka rayu kafin a fara noma: ba hatsi, ba wake, ba madara, ba farin sukari, balle rinin masana'anta. A matsayina na ɗan ƙasar gero, ban ga ranar da zan yarda cewa fura abokiyar gaba ce ba. Amma na duba jerin kayan da suke yin kek da su sai na yi murmushi: garin aya, dabino, zuma, man kwakwa. Ayar da ake nomawa a jihar Maraɗi, dabinon da ake aunawa a kowace kasuwa. Idan kuma suka zo neman ruwan hoda, ɗaya daga cikin abubuwan da suke sayowa da tsada a 'yan fakiti shi ne zoɓo.

A wajenmu, Babban Mutum da sauran ƙauyukan Baure, yakuwa ba ta cika samun gonar kanta ba. A gefen gona ake shuka ta, ta zama iyaka tsakanin maƙwabta, ganyen ya tafi miya, jan kwanson da ya rage bayan fure ya faɗi a ɓare shi a shanya da kaka. Maƙwabtanmu na Jigawa sun mai da shi babbar sana'a, kuma mafi yawan wanda Nijeriya ke fitarwa Meziko yake tafiya, inda suke jiƙa shi su sha kamar mu.

Jan zoɓo wani sinadari ne da ake kira antosayanin, kuma yana da hali guda da ya kamata mai kek ya sani kafin komai: launinsa yana bin tsami. A cikin tsami ja ne mai haske. Idan tsamin ya ragu sai ya koma shunayya, idan kuwa ya gamu da kanwa sai ya yi duhu, ya karkata zuwa shuɗi-shuɗi ko ruwan toka. Iyayenmu mata sun san wannan ba tare da sunan sinadarin ba, domin duk wadda ta jefa kanwa a tukunyar zoɓo don ta kashe tsaminsa ta ga yadda yake rinewa. Shi ya sa zoɓo ba ya kyau a cikin ƙullun kek: hodar da ke sa kek ya tashi dangin kanwa ce, sai a fito da shi daga tanda launinsa kamar na daddawa. Wurinsa samansa ne, a cikin kirim ɗin da ake shafewa, inda ba wuta ba kanwa.

A nan ma akwai sharaɗi. Launin yana narkewa a ruwa, ba ya narkewa a mai, shi kuwa kirim ɗin paleyo kusan duk mai ne da zuma. Idan aka zuba garin zoɓo a bushe, ɗigo-ɗigo zai fito, da ɗan tsakuwa-tsakuwa a harshe. Idan aka zuba tsinkakken ruwan zoɓo irin na sha, kirim ya tsinke ya rabu. Abin da na ga yana yi shi ne a wanke zoɓo tafi guda don yashi ya fita, a jiƙa shi a ruwan zafi kaɗan, a tace, a mayar kan wuta marar ƙarfi har ya yi kauri. In ya huce a ɗiga masa lemon tsami, sannan a riƙa sa shi a kirim rabin ƙaramin cokali bayan rabi, ana bugawa. A tsaya kafin ya kai yadda ake so, domin yana ƙara fitowa in ya zauna. A kuma nemi farar zuma. Baƙar zuma da dabino suna jan launin zuwa ruwan ƙasa.

Ba zan ce ya yi daidai da na kwalba ba. Ruwan hodar zoɓo yana da ɗan shunayya a ƙarƙashinsa, yana koɗewa in ya sha rana, kuma yana zuwa da tsaminsa, wanda ni a wurina shi ne ribarsa, don yana karya zaƙin zuma. Babbar matsalar ma ba ta launi ba ce. Man kwakwa yana narkewa da zafi ya wuce maki 24, mu kuwa a bazara muna haura 40. Wanda ba shi da firji, ko yana da shi babu wuta, gara ya yi wannan kek da hunturu, wanda kuma shi ne lokacin da sabon zoɓo ya cika kasuwa.

Akwai wani jan da muka fi mantawa da shi, wato karan dafi, jan kuben wata irin dawa da dukawa ke rina fata da shi. A Gana shi ake jefawa a shinkafa da waken da suke kira waakye, sunan da ya fito daga bakin Hausawan zango, kuma sau da yawa tare da kanwa ake dafa su, launin bai gudu ba. Sinadarinsa ɗan'uwan na zoɓo ne, amma ya fi shi jure wuta da kanwa, kuma ba shi da tsami. Jansa ya fi karkata zuwa na jar ƙasa, don haka ba zai ba da ruwan hodar da yarinya 'yar shekara biyar take nufi ba. Amma mai son cikin kek ɗin kansa ya yi ja, a can ya kamata ya fara gwaji.