Noti ɗaya ne fa, jama'a

Raina a ɓace yake. Ɗazu da safe wani ƙanena cikin yaran da muke fita da su hanyar Damaturu ya zube da keke, gwiwa ta ɗaye. Ya zo tsayawa, ya murɗa ƙafa zai cire daga feda, takalmi ya juya shi kaɗai, ƙarfen ƙasansa na nan daram a maƙale. Da na duba, noti ɗaya ya gudu, ɗayan yana rawa. Wai ƙaddara ce.

Mun yarda da ƙaddara. Amma wa ya hana ka ɗaure noti?

Kun san tun da na sayi kekena na gwanjo nake wannan mita. Takalmin da ke maƙalewa a feda, irin na Shimano SPD, noti biyu kacal ke riƙe da ƙarfensa, na tsere kuma uku. Alanki mai lamba 4 ne maganinsu. Ka shafa ɗan giris a haƙoran notin, ka ɗaure su bi da bi, kaɗan nan kaɗan can, ka sake taɓawa bayan fitar farko domin sabon ɗauri yakan saki. Yashin garin nan kuma yana cika ramin kan noti. Sa tsinke ka ƙwaƙule kafin ka zura alanki, in ba haka ba kan ya cinye, sai dai a kai wa mai walda. Kuma don Allah a daina zaga kasuwa da takalmin.

Na san wani zai ce wannan damuwar 'yan gayu ce, mutane na fama da kuɗin masara. To Malam, je ka tsaya bakin titi ka kalli Phoenix ɗin da ke dakon kaya: feda a karkace, sirdi na lilo, kariya ɗaure da roba. Halin ɗaya ne, "ai yana tafiya a haka". Lokacin da aka hana babur a Potiskum, keken nan ne ya rufa wa da yawanmu asiri, ga sakayyar da muke masa. A garin da tireloli ke wucewa dare da rana!

Mai gyara da kansa ya tuna, fedar hagu baibai take ɗauruwa, sufana 15.

Masu fita ranar Asabar, kowa ya juya takalminsa ya duba tun daga gida. Wanda ba shi da alanki ya zo ya ari nawa.