Inda Wuta Ke Gamuwa da Turjiya

A wani shagon gyaran kayan wuta a Dirin Daji, hedikwatar ƙaramar hukumar Sakaba, na tarar da maigidan yana koya wa yaronsa lissafi a bayan kwali, dutsen guga a kwance tsakaninsu. "Duba nan, yaro," in ji shi, "turin wutar bolt 230 ne, kwararta amfiya 5. In ka raba, turjiyar om 46 ce. In ka ninka, ƙarfin aikin wat 1,150 ne." Lissafin rabawar nan wani malamin makaranta Bajamushe, Georg Ohm, ya wallafa shi a 1827, shekaru da yawa kafin a buɗe madatsar Kainji a 1968, kuma har yau bai canza ba, ko wutar ta fito daga janareta ko daga hasken rana. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wayar jan ƙarfe da ke ɗauko wutar da ƙyar take ɗumi, domin hanyarta a buɗe take. Zafin da ke miƙar da babbar riga yana fitowa ne daga siririyar wayar cikin dutsen, wadda ke hana wutar wucewa da sauƙi. Wataƙila haka ɗan'adam yake. Shekarun da komai ya tafi mana sumul sukan wuce ba mu ma tuna su, amma wanda ya yi noman damina mai gardama, ko ya yi jinyar tsohuwarsa, yakan fito da wani haƙuri da ba a koyarwa a aji. Sai dai ma'auni ne: turjiya in ta yi yawa wuta ba ta tafiya, in ta yi kaɗan kuma waya ta ƙone.